Wa Ke Shan Baterin Mainasara?

Bai kai rabin hanyar Maraɗi ba keken ya yi ɗif. Mainasara ya sauka, ya narka wa taya ƙafa, ya zagi wanda ya ƙera shi har kakansa. Ya kama turi a gefen gudro, wato titin kwalta, masu moto na wuce shi suna danna masa oda don tsiya.

Makullin wani shagon magani ne a hannunsa. In ya makara, mai shago da masu saye duk a rana suke tsayawa. Ran nan da ya iso jiƙe da zufa, mai shagon bai ko amsa gaisuwa ba.

"Ka sake makara, ka aje mini makullina."

Ai kuwa don wannan aikin ya sayi keken lantarkin. Man moto ya yi tsada, motar haya kuma sai ta cika take tashi daga Madarumfa. Habibu mai sayar da kekunan ya ba shi shawara: bateri biyu, yau ka hau da ɗaya, ɗayan na gida jone da wuta yana shan kuran, gobe ka sauya. Ya rantse za su yi shekaru. Da farko kowanne na kai shi ya dawo da shi har da saura. Kafin bazara ta fita, duka biyun sun koma kamar tsohon jaki.

Ya fara da Habibu. Ya dire masa baterin a kan tebur har kayan gyara suka zube.

"Mushe ka sayar mini!"

Habibu ya juya shi, ya duba takardar jikinsa da ta koɗe, ya taɓa cikin da ya fara kumbura. "Zafi ya kashe wannan, Malam. Ina kake aje shi?"

"Cikin ɗaki, bayan randa! Ka san wurin da ya fi nan sanyi a garinmu?"

Ya kira Habibu macuci a gaban mutane, ya kwashi kayansa.

Amma maganar zafin ta tsaya masa. Gaskiya ne, duk yammar da ya dawo, baterin da ya bari a gida yakan same shi da ɗumi kamar burodi. Wutarsa kore, a cike yake, amma da ɗumi. Mainasara ya buga cinya. Wani ke ɗauka ya yi yawonsa, ya maido ya jona kafin shi Mainasara ya dawo!

Matarsa Ɗelu wuni take a garka bakin tafki. Gidan ba kowa sai mahaifinsa, tsoho Haruna, wanda ya bar noma, sai ciwon baya da yake kuka da shi kullum da yamma. Ya tambaye shi ko wani na shigowa.

"Ɓarawo a gidan da nike zaune? Ko kaza ba ta kusantar abin nan, ɗana."

Mainasara ya ce a ransa, tsoho na gyangyaɗi, ina zai gani.

Da ya sake dubawa sai ya ga guntun busasshen tumatir manne a ƙasan baterin. Ga kuma tsani jingine da rumfar kwano, dab da katangar da ta raba su da Alhassan. Alhassan kuwa irin kekensa gare shi sak, kuma tumatir yake kaiwa kasuwa. Kai, ko jandarma bai haɗa shaida haka ba.

Bai jira an watse daga sallar magariba ba. A ƙofar masallaci ya ci kwalar Alhassan.

"Maƙwabcin banza! Da baterina kake kai tumatir!"

"Mi? Kai, sakar mini riga, Mainasara. Tare fa aka yi muna kaciya."

"Shi ya sa ka san hanyar ɗakina!"

Aka yi ta kokawa har hular liman ta faɗi wajen rabo. Alhassan ya tofar da jini, ya ce daga yau ko gawarsa kada Mainasara ya bi. Matan gidajen biyu suka daina aron turmi. Washegari Mainasara ya kawo magini ya ƙara wa katanga tsawo, ya dasa fasassun kwalabe a kai. Tsoho Haruna na zaune yana sa albarka, yana cewa mutanen yanzu ba amana.

Saura maganar bateri. Babu wanda zai kai shi Maraɗi a cikin biyun. Ya ja ragon da yake kiwo don Layya da tunkiyar Ɗelu ya kai kasuwa, Ɗelu na bin sa da harara. Ya tsallake shagon Habibu, ya sayo sababbi biyu a wani wuri. In waɗannan suka mutu, ba dabba, ba aiki.

Da safe ya ɗaura ɗaya a keke. Ɗayan ya jona shi a ɗakin mahaifinsa, ya durƙusa.

"Baba, amana ce. Kada ka bari kowa ya taɓa."

Tsohon ya shafa baterin yana murmushi.

"Tafi abinka, kada ka makara. Yana cika zan hau da shi bisa kwano, inda ake shanya tumatir, ya sha rana har la'asar, kamar yadda nike yi wa waɗancan kullum. Haka muke tada pil, baterin rediyo, tun ba a haife ka ba. Ba don ni ba, ai da ko wata ba su yi maka ba."