Kwabban Fata Hamsin

Wata guda Mika'ilu baduku yana jiran amsar Salomi kan maganar aure. Ran Asabar ta zo rumfarsa a Ƙofar Kuyambana, ba ta zauna ba.

"Malam, aiki na kawo. Kwabban fata hamsin, na wasan karta a gida. Rabi ja, rabi baƙi."

"Me zan buga a kai?"

Ta dubi ƙasa. "W da S."

"S ɗin na san ta."

"Walter, akawu ne a Wusasa. Kyautar bikinmu zan ba shi."

Mika'ilu ya daɗe yana shafa fatar da ke gabansa.

"Ashe ɗan caca ne."

"Wasa ne kawai, Malam. Ba wanda ke asara."

"Haka ne," in ji shi, ya tambaye ta ranar bikin, don kada aikin ya makara.