Gurbin Taɓarya ta Uku

Taɓaryarta ta daki ta yayarta, gero ya fantsama ƙasa. Matan da suka taru dakan gumbar sadakar Inna suka juyo suna kallonta.

Ita ƙanwar, a Faransa ƙwaƙwalwar wayoyi take zanawa. Ita ke shimfiɗa wa saƙon lantarki hanyoyi siraran da ido ba ya gani, don kowane bugu ya isa a kan kari, kada wani ya riga, kada wani ya makara. Amma da aka kira ta daga garinsu Filinge cewa jikin Inna ya tsananta, sai ta ce a yi mata haƙuri ta kammala zane. Kabari ta tarar.

"Yaya, na manta lugude," ta ce, ta jingine taɓarya.

"To, saurara."

Yaya da autarsu suka ci gaba su biyu a turmin. Dum, dum, shiru. Dum, dum, shiru.

"Wanga shirun hwa, Yaya?"

"Gurbinki na. Tun randa kinka tahi, Inna ta hana kowa cike shi."