Wutar da Ƙasa Ke Sha

Ka ce hannunka ya san waya, lissafi kuwa na masu zaman ofis ne. To, ajiye filayar nan tukuna in ba ka misali.

Wani manomin rani ne ya ci gadon lambun albasa a bakin fadama, da rijiyar da mahaifinsa ya haƙa. Da ya gaji da jan guga sai ya sayi farantan sola da famfon da ake zurawa cikin rijiya. Saboda shanun da ke ratsa fadamar, ya ɗora farantan a kan rufin gidansa, taki ɗari da ashirin daga rijiyar. Ya haɗa su da siririyar wayar da ta rage lokacin da aka sa masa ƙwan fitila, ya binne ta don kada awaki su taune. Shi mutum ne da ya san ruwa. A saninsa, in hanyar ruwa tana yoyo, ƙasa kan jiƙe ta tona asiri. Ya bi layin wayar sau uku bai ga komai ba, don haka ya tabbata duk abin da ya baro rufi yana isa rijiya. Amma ko da tsakar rana famfon tsiyaya kawai yake yi kamar bakin buta. Albasa ta fara kwantar da kai, fangali bayan fangali. Maƙwabta suka ce idon rijiyar ne ya mutu. Ya yarda, ya fara shirin barin lambun mahaifinsa ya tafi ci-rani, zuciyarsa kuwa ta yi nauyi ƙwarai.

Ana nan sai ga wani tsohon mai gyaran wuta ya biyo ta fadamar yana neman tumatir. Ya ji labari, bai ko leƙa rijiyar ba. Ya ciro mitarsa daga aljihu, ya hau rufi ya auna ƙarfin turin wutar: bolt casa'in. Ya sauko ya taka har bakin rijiya ya sake aunawa: bolt hamsin. Ya auna yawan wutar da ke gudana cikin wayar: amfiya takwas. Daga nan ya tsuguna, ya share ƙasa da tafin hannu, ya ɗauki tsinke ya fara zana lissafi. Casa'in a fid da hamsin, saura arba'in, su ne suka ɓata a hanya. Ya raba arba'in gida takwas, ya sami biyar, wato om biyar, turjiyar da wayar ke yi wa wuta ke nan. Sai ya ninka arba'in sau takwas, ya sami wat ɗari uku da ashirin, ƙarfin da ke zubewa tun bai kai ga famfo ba. Farantan suna ba da casa'in sau takwas, ɗari bakwai da ashirin. Famfon yana samun hamsin sau takwas, ɗari huɗu kacal. Kusan rabi ke nan yake salwanta.

Tsohon ya ɗago kai ya ce, "Mai lambu, rijiyarka lafiyarta ƙalau. Kusan rabin ranar da Allah ya ba ka, ƙasa kake gasawa da ita. Tona nan ka taɓa."

Manomin ya sa fartanya a inda aka nuna masa. Ƙasar fadama ce mai sanyi, amma da yatsansa ya kai kan wayar sai ya ji ta da ɗumi kamar jikin mai zazzaɓi. Ya tona gaba, haka. Ya tona can kusa da gida, haka. Ya zauna a bakin ramin. Ni ma, duk shekarun da na yi ina koyar da wannan lissafi, in na zo nan sai tsigar jikina ta tashi. Abu ne da ido bai gani, ba ya jiƙa ƙasa, ba ya ƙara, yana binne cikin duhu, amma Mahalicci bai bar shi sakaka ba. Ya ɗaure shi da ƙa'ida, har ya zama mutum da tsinke da lambobi uku zai faɗa maka abin da ke faruwa a ƙarƙashin ƙafarka, ka tona ka tarar da shi yadda ya faɗa.

Kafin la'asar an kafa azara huɗu a gefen rijiyar, dogaye yadda ƙahon saniya ba zai kai ba. Aka sauko da farantan aka ɗora a kai, aka haɗa su da waya mai kauri wadda tsawonta bai wuce taki biyar ba. Washegari da hantsi famfon rijiyar nan da aka yi wa ta'aziyya ya feso ruwa har ya kwashe bakin fangalin farko. Albasar da ke da sauran rai ta miƙe cikin kwana biyu. Fangali goma sha ɗaya kuwa sun riga sun bushe, ruwa bai ta da su ba. A gabansu manomin ya tsaya da siririyar wayar a naɗe a hannunsa, yana duban rijiyar mahaifinsa, wadda take cike da ruwa duk tsawon makonnin da ya yi yana kukan ƙishirwa a bakinta.

To, kai mai hannun da ya san waya, ɗauki mitarka. Hausawa sun riga sun faɗa: rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami.