Rafin Shamuwa a Tsakar Gidanmu

Ina ɗan shekara bakwai a Ka'akiyya ta Makka, ban taɓa ganin rafi ba, na tambayi Kaka me ya sa ake ce wa na garinsu Rafin Shamuwa.

"Tsuntsuwar ce ke fara sauka, ruwa ya biyo ta. Tsaya ka gani."

Kwana uku motar ruwa ba ta zo ba, amma ta kifar da jarkarmu ta ƙarshe, ta tsaya cikin ruwan, ta ɗage ƙafa ɗaya, ta miƙe wuya.

Sai ga Baba da buta, zai yi alwalar la'asar.

"Ya Ummi, ina moya?" ya tambayi Kaka, wato ruwa.

"Ba ka ga shamuwa ta sauka ba? Ruwa na hanya."

Masallaci ya wuce yana ƙunƙuni. Na ga koguna daga baya, babu wanda ya kai wannan girma a idona.