Muryar Mma a Ɓangaren Arha

"Ina muryar Mma?" Zulkiflu ya daka wa ƙanwarsa Tayyiba tsawa. Dawowarsa ke nan daga binne ta a maƙabartar Tafo, ko ƙafa bai wanke ba. Saƙon da mahaifiyarsu ta bar masa yake nema a waya, wayar kuwa ta ce ya jira sai jibi.

Shi da kansa ya tsara wa gidan ma'ajiyarsu ta intanet, har yana cika baki a unguwarsu ta Zongo: abin da ake yawan buɗewa ya zauna a ɓangare mai tsada mai saurin fitowa, tarkace kuma a tura su ɓangaren arha, inda sai an yi jira.

"Wa ya jefa uwata cikin tarkace? Ke ce, ko?"

Tayyiba ko ɗago kai ba ta yi ba. "Yaya, tun farkon ciwonta na sa maka saƙon a ma'ajiyar, na kuma gaya maka. Ai kai ka umarci na'urar ta kwashe duk abin da aka daɗe ba a buɗe ba."

Ya sake duban wayar. Hotunan sabuwar motarsa suka buɗe nan take.