Shari'arsa ta Farko

Ɗan bindigar ya zazzage jakar, ya ga farar riga da baƙar kwat, ya tambayi mai ita aikinsa.

"Ɗalibi nike, oga. Karatun lauya, shekarar ƙarshe za ni shiga."

Tun daga tashar Sabon Birni yake mafarkin wannan shekara, musamman ranar kotun gwaji, da zai miƙe gaban malamai ya kare wanda ake tuhuma. Yanzu ga shi durƙushe a dajin bayan Kamarawa da tsakar rana, an tare motarsu.

Shugaban 'yan bindigar ya bushe da dariya. "Lauya! To ga shari'a. Wani ya kira mana soja, ko wanga tsoho ko direbanku. Tsohon muka fi zargi. Tashi ka kare shi."

Tsohon manomi ne, an riga an ɗaure shi, an fasa masa baki da gindin bindiga.

Ɗalibin ya miƙe. Ya nemi shaida, babu. Ya sa aka lalube aljihun tsohon, ba a samu komai ba sai ɓarin goro.

"Wanda bai da waya, da mi zai kira soja?"

Muryarsa ta fita tar, har ya ji daɗinta.

Shugaban ya gyaɗa kai. "Ka yi gaskiya, lauya. Ku kwance shi."

Sai ya juya kan direban, mai wayoyi biyu, wanda da safe ya ba ɗalibin gidan gaba don girmama karatu. Ya sakar masa harsashi uku a ƙirji.

Tsohon ya rarrafo ta cikin jinin, ya riƙe ƙafafun ɗalibin, yana ta sa masa albarka.