Gadar da Take Yankewa

"Autar Mama, ki zo mana ko yini ɗaya. Taurarin nan naki guduwa za su yi?"

"Aiki nake, Yaya," ta ce, ta kashe wayar ta kife ta a tebur.

Duk shekarunta a wannan ɗakin bincike abu ɗaya take son tabbatarwa: idan manyan gungu-gungun taurari suka cunkushe wuri guda, kowanne yakan fizge wa ɗan'uwansa iskar gas ɗin da sababbin taurari ke samuwa daga gare ta, har ya bar shi fanko. Ba a littafi ta fara sanin haka ba. A gidansu ta sani, inda wannan ke jan ta wanki, wancan raino, har ta tattara littattafanta ta fice, ta rantse ba mai sake tatsar ta. Ta yi zazzaɓi ita kaɗai, ta warke ita kaɗai, ba ta nemi kowa ba.

Kullum idan na'urar hangen nesa ta ɗauko mata hoton gungu biyu, takan yanke tsakiyar hoton ta yar, tunda gungun take aunawa, ba filin da ya raba su ba. Yau haushi ya mantar da ita, ta bar hoton yadda yake.

A filin nan, iskar da aka fizge ta miƙe kamar gada, kuma a kanta taurari shuɗɗa sun tsiro, sababbi fil.

"Yaya, zo ki gani!"

Ta waiwaya. Kujeru ne kawai, sai fanka tana juyawa.